Gidan Mai a Zauren Malam

Salamu alaikum, masu bin labarina. Yau sai kun yi haƙuri da ni, domin raina a ɓace yake, kuma wanda ya ɓata shi shi ne mutumin da baffanninsa za su zo gaisuwa gidanmu ranar Juma'ar makon gobe. Ko in ce, waɗanda aka shirya za su zo.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Ummulkulsum, 'yar Tambuwal ce ni, na gama karatun labarin ƙasa a jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa. Zaman jiran nan ne ya sa na buɗe wani guruf a waya na sa masa suna Da A Ce. Wasan mai sauƙi ne. Mun ɗauka cewa a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya a ƙasar nan, an haƙa rijiya a Fakku sai mai ya ɓulɓulo maimakon ruwa. To da yaya ƙasarmu za ta kasance? Kowa aka ba shi yankinsa ta hanyar ƙuri'a, ya zana garuruwansa da hanyoyinsa, ya rubuta tarihin ƙaryarsa, ya turo mini. Ni ce mai haɗawa, in ɗinke yanki da yanki a kwamfuta har su zama taswira guda. Umma ta ce wannan aikin masu ilimi ne marasa aikin yi. A lokacin na ji haushi, yanzu kuwa ina ganin ta ma yi mana sassauci.

Wallahi kiwon awaki ya fi haɗa aikin mutanen nan sauƙi. Wani zai turo maka gari babu ko rijiya ɗaya. Wata ta zana kogi yana hawa tudu, da na yi magana ta ce ai a duniyarmu komai na iya faruwa. Akwai wanda ya kafe sai an ba shi teku, a Kebbe. Duk cikinsu babu wanda ya zame mini ƙarfen ƙafa kamar Lauwali, mai yankin Sanyinna da ke maƙwabtaka da Tambuwal. Lauwali ya shimfiɗa layin dogo tun daga kasuwarsu zai kai shi rijiyoyin Fakku, ashe ƙawata Lauratu ta riga ta gina madatsar ruwa a nata yankin, layin dogonsa ya zo ya faɗa tsakiyar tafki. Ya yi ta aiko da saƙon murya wai in matsar da tafkin. Na ƙi. Na tuna masa dokokinmu guda biyu, waɗanda ni da hannuna na rubuta: babu mai taɓa yankin wani, ko da ni ce, sannan duk wanda ya fita daga guruf, maƙwabcinsa ne zai gaji yankinsa. Dole Lauwali ya gina gada yana ƙunƙuni. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni ban ɗauki yanki ba, don kar a ce na yi son kai. Shi ya sa garinmu Tambuwal ya faɗa hannun Dikko Ɗangiwa, ɗan Kebbe, wanda ya karanta safiyo, wato awon ƙasa, amma yake taya mahaifinsa cinikin hatsi. A guruf ɗin muka haɗu. Shi kaɗai ne yake turo aikinsa a kan lokaci, hanyoyinsa suna haɗuwa da na maƙwabta ba sai na roƙe shi ba. Ku yi dariya in kun ga dama, amma ta nan ya fara shiga raina. Daga tambayar ma'aunin taswira aka koma tambayar lafiyar gida, daga nan ya zo zance sau da dama cikin farar shaddarsa mai ƙurar hanyar Kebbe a gefen wando, har Baba ya ce ya turo.

Ranar Talata da hantsi ya aiko da yankinsa na ƙarshe. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, saƙon ya shigo.

"Ga Tambuwal nan, ranki shi daɗe. Ki duba unguwarku da kyau, na aje miki tsaraba."

Har na yi murmushi, na ture tiren gefe na buɗe kwamfuta. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kwalta mai hannu biyu, fitilun titi, sabuwar tasha. Na matso da unguwarmu, na gane tsamiyar ƙofar gidanmu da rijiyar masallaci. Sai na nemi zaurenmu na rasa. A wurinsa akwai bene mai hawa biyu, a gabansa famfunan mai jere, da wani allo da aka rubuta da manyan baƙaƙe: GIDAN MAN ALHAJI ALMU DA 'YA'YANSA. A cikin tarihin da ya haɗo da shi kuma, wai Malam Almu ya karɓi muƙamin gwamnati, ya yi arziki, ya zama attajirin farko a kudancin jiha.

Na sake karanta allon har sau biyu.

Dole in yi muku bayani, don in ba a gidanmu kuka tashi ba za ku ce mene ne abin tashin hankali. Malam Almu kakana ne, mahaifin Baba. A zauren nan ya karantar har ya koma ga Allah, a nan Baba yake karantarwa yanzu. A waɗancan shekarun na kuɗin mai, manyan gwamnati sun zo da mota har ƙofar zauren, suka yi masa tayin muƙami da gida da Fijo sabuwa. Ya sa aka dama musu fura, ya raka su bakin mota, ya dawo ya ci gaba da karatu daga layin da ya tsaya. Wannan labarin shi ne dukiyar gidanmu. Ba mu da gona mai faɗi, ba mu da shago, shi muke da shi. Duk Sallah sai an maimaita shi, duk jaririn da aka haifa da shi ake yi masa reno. Kuma a gidanmu ba a kama sunansa. Baba yana cewa Malam, Kaka Na'inna matarsa tana cewa mai zaure, mu jikoki mu ce Marigayi. Yanzu ma da na rubuta muku sunan sai da hannuna ya yi nauyi. Shi ne Dikko ya ɗauka ya maƙala a kan famfon fetur.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar Lahadi za a kafe taswirar nan, an buga ta ƙatuwa kamar fostar kamfen, a taron ƙungiyar ɗaliban yankinmu. Wanda aka gayyata ya buɗe taron da addu'a kuwa Baba ne. A gabanta zai tsaya, kuma Baba mutum ne da ko takardar ƙosai ya tsinta sai ya karanta abin da ke jiki.

Na shige ɗaki na kira Dikko.

"Kin gani?" ya ce, muryarsa har rawa take don murna.

"Na gani. Dikko, mi kay yi haka?"

"Ban gane ba. Bai yi kyau ba? In benen ya yi ƙanƙane in ƙara mai hawa guda."

Ku ji fa. Ni ina maganar wuta, shi yana tambayar ko ya ƙaro itace.

"Ka goge shi," na ce. "Ka maida zauren yadda shike."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana cinikin buhun gero.

"Ummul, kin san babana ga Malam yay yi karatu? Har yau in ya tuna shi sai ya yi hawaye. Shina cewa mutumin da yak karantar da rabin ƙasag ga ya rasu ko keke bai da shi. Tun ina yaro abin ga shika ci mani rai. To ga duniya an ba ni in gyara, don mi ba ni ba shi abin da yac cancanta?"

"Shi yac ce bai so!"

"Waccan duniyar yac ce bai so. Wagga Da A Ce ta."

Na rasa ta inda zan ɓullo masa. Mutanen kasuwa in suna son ka, shago suke buɗe maka. Mu kuma a gidanmu in ana son a yabe ka, sai a faɗi abin da ka ƙi karɓa. Na yi ta bayani har katina ya ƙare, shi ko gezau. Ya kira ni da kansa, muka ɗora daga inda muka tsaya. Ƙarshe ya ce cikin sanyin muryarsa mai ƙara tunzura mutum, "Ke kinka sa doka, ranki shi daɗe. Ba mai taɓa yankin wani."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Za ku ce to ba ke ce mai haɗawa ba, ki goge abinki mana a ɓoye. Na yi wannan tunanin. Matsalar ita ce Dikko, saboda tsabar zumuɗi, ya riga ya saka hoton yankinsa a guruf, kowa ya gani, ana ta jefa masa alamar tafi. Na gwada shigowa ta gefe, na rubuta cewa ya kamata mu daina saka mutanen gaske da suka rasu a tarihinmu. Ko minti ba a yi ba Lauwali ya faɗo kamar dama a bakin ƙofa yake.

"Ikon Allah. Lokacin da jirgina ya nutse a tafki doka ba ta canzuwa. Yau da abu ya zo unguwar shugaba sai sabuwar doka. In an taɓa Tambuwal, a matsar mini da tafkin Lauratu, in ba haka ba ni da mutanena mu janye yankunanmu."

Kuma yana da mutanen, domin duk wanda na taɓa hana shi teku ko filin jirgi yana bayansa. In suka janye, taswirar za ta koma kamar zanen da ɓera ya ci, ga taro ya matso. Lauratu ta biyo ni ta gefe ta rubuta, "Ki sa a yi ƙuri'a mana." In sa a yi ƙuri'a a kan mutuncin kakana, a gaban mutanen da rabinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba? In bayyana musu dalilin da ya sa abin ya dame ni, kowa ya gane abin da ke tsakanina da Dikko tun ba a yi gaisuwa ba? Na ajiye wayar a ƙarƙashin filo na fita.

A waje kuma gidan ya kacame da shirin baƙi. Umma ta baza garin alkama za a yi dubulan, an aiko da atamfata daga wurin tela, ruwan ganye mai zanen zinariya, hannun rigar ya matse ni sai an sake buɗewa. Umma ta dube ni ta ce, "Wannan huskar ta mi ce? Ke da za a zo gaisuwarki kina yawo kamar wadda anka aiko ma da rasuwa. Taho ki kama mani murji." Ina murza dubulan Baba ya shigo daga zaure da carbinsa, ya tsaya a kaina.

"Ummulkulsum, yaran ƙungiya sun ce aikinki na za a nuna ran Lahadi. Sun ce har garin ga kun zana."

"E, Baba."

"Madalla. In Allah ya kai mu sai in ga ko kun san hanyar gida."

Ya wuce yana murmushi. Baba ba mai yawan murmushi ba ne, shi ya sa nasa ya fi zagi ciwo a ranar. Na san shi sarai. Ba zai yi faɗa a taro ba. Zai karanta allon, ya yi addu'arsa, ya dawo gida, ya aika Kebbe a ce kar su wahalar da kansu. Mutumin da ya mayar da mahaifinsa mai sayar da fetur don wasa ba zai ba shi 'yarsa ba, ko da kuwa da zinariya ya zana famfunan.

Haka muka yi ta ja da Dikko har ranar Alhamis. Ya ce zai rage girman allon. Ya ce zai gina wa Malam makaranta a bayan gidan man. Ya ce zai cire "da 'ya'yansa". Duk abin da zai yi ya faɗa, ban da abin da na roƙa. Da azahar ta yi na cika na batse, na zauna bakin gado na rubuta masa abin da har yanzu nake nadamarsa.

"Tunda gidan manka ya fi maka ni, ka riƙe shi. Amma ka sani, ko ka goge shi ko ka ce wa baffanninka su sha zamansu. Ba ni auren wanda zai kunyata ni gaban mahaifina."

Ya karanta, na ga alamar. Bai ba da amsa ba.

Cajin kwamfutata ya kusa ƙarewa, kuma a duk gidan ɗakin Kaka Na'inna ne kaɗai ke da wutar sola, wadda Baba ya sa mata saboda fanka. Na kwashi kayana na tafi can. Tana zaune a kan darduma ta miƙe ƙafafu, tana ɓare gyaɗa a faifai, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta da man zafi. Ni da ita abokan wasa ne, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba.

"Ga amaryar Kebbe. An zo shan wutata kyauta."

"Kaka, yau ba ni da bakin wasa."

"To zamna ki yi ta kumburi, hwanka ta huce ki."

Na jona caji na buɗe taswirar, na zuba wa gidan man ido ina tunanin ko in ɗora masa wata ƙatuwar bishiya in ce kuskure ne. Ban ankara ba ashe ta matso tana leƙe ta kafaɗata. Kaka ba ta karanta boko, amma idonta ras yake.

"Wagga ba tsamiyarmu ba ta? Ga rijiya. To ina zaure? Na wane na wanga gida mai bene?"

Na yi niyyar yi mata ƙarya, bakina ya ƙi. Na gaya mata komai, wasan da dokokinsa da Dikko da taurin kansa. Da ta ce in karanta mata abin da ke jikin allon, na ce sunan Marigayi ne. Na sunkuyar da kai ina jiran salati.

Ba ta yi salati ba. Ta ajiye faifan, ta goge hannunta a zani, ta ce in ƙara matso mata da shi.

"Rufin ga na kwano na?"

"Na kwano ne, Kaka."

"Ba shi yoyo?"

"Zane ne fa, Kaka."

"Na san zane na, ba ni da hauka. Tambaya nika yi, cikin duniyar taku, shina yoyo?"

Na ce ba ya yoyo. Ta daɗe tana kallonsa, har na fara jin tsoro.

"Ranar da motag ga taz zo," ta ce, "ina bayan zana ina saurare. Kahin su gama magana na riga na zaɓi ɗakin da za a hwara yi ma kwano. Ni nid dama hurar da anka ba su. Da nij ji tashin mota, na zamna nan bakin murhu ban iya tashi ba." Ta ɗauki gyaɗa guda ta riƙe ba ta ɓare ba. "Daminar nan ɗakinmu kamar kwando. Hindatu na goye, ƙyanda ta kama ta, sanyi ya sauka ga ƙirji. Babu mota unguwag ga duka. Bisa jaki munka ɗauke ta, ba mu kai asibiti da ita ba."

Na san an taɓa yin wata Hindatu, ƙanwar Baba, amma iyakar abin da na sani ke nan, suna ne da ake ambata a addu'a.

"Ba ni cewa albashi na hana ajali, astagfirullah. Kwananta ya ƙare. Kuma mai zaure mutumin kirki na, ban ga kamatai ba. Amma shekara da shekaru kowa na yabon haƙurin da yay yi, ba wanda yat taɓa zuwa yat tambaye ni nawa haƙurin." Ta nuna allon kwamfutar da yatsa. "Yaron ga shi kaɗai na yat tuna gidan ga akwai mutane ciki. Kak ki bari a taɓa shi. Ki ce mai shi ƙara asibiti nan kusa ga tsamiya, wadda ƙahwa ka kaiwa."

Hawaye suka cika mini ido. Kwana da kwanaki ina yaƙi don in kare gidanmu, ban taɓa tunanin in tambayi wadda ta fi kowa daɗewa a cikinsa ba. Ina shirin magana na ga labulen ƙofa ya motsa. Takalman Baba ne a bakin ƙofa. Kullum kafin la'asar yakan leƙo ya gaida mahaifiyarsa, ni ce na manta. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Ya yi sallama ya shigo, ya durƙusa ya gaida Kaka kamar yadda ya saba, sannan ya miƙo hannu. Na tura masa kwamfutar. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya karanta allon, ya karanta tarihin tun daga farko har ƙarshe, leɓunansa suna motsi.

"Sunan Malam ba shi hawa bisa gidan mai," ya ce a hankali. "Ko cikin wasa, ko cikin mahwalki."

Na ce a raina shi ke nan, an gama. Amma bai tashi ba. Ya cire tabaran, ya juya wajen Kaka ba tare da ya kalli idonta ba.

"Inna, ni nir riƙa ƙwarya ƙarƙashin yoyon nan. Ban manta ba. Na ɗauka ke kin manta."

Kaka ta ci gaba da juya gyaɗarta. Baba ya sake duban taswirar, ya ɗora yatsa a kan filin da ke gefen tsamiya.

"Ummulkulsum, can cikin duniyar taku, Hindatu ta rayu?"

Wallahi ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Na ce babu wanda ya rubuta ta, domin babu wanda ya san labarinta.

"Wa ad da wanga yanki?"

"Dikko ne, Baba." Na faɗa ina kallon tabarma.

"Ki ce shi zo gobe bayan la'asar, shi kaɗai, da abin zanenai. Shi zamna gaban Inna ta hwaɗa mai abin da taka so, ni in hwaɗa mai abin da ba ni yarda da shi. Allon ga shi sauka. Sauran kuwa mu gani."

Ni ba ni da bakin tambayar abin da ke raina, Kaka ce ta tambaya mini.

"Batun baƙin Juma'a ta sama fa?"

"Sai na ga abin da yaz zana miki, Inna."

Ya tashi ya fita zuwa masallaci. Ina jin ƙarar takalmansa ta yi nisa na rarumo wayata in gaya wa Dikko ya bar komai yadda yake, ya nemi babur tun da safe. Sai na tarar da saƙonsa yana jirana, ya shigo tun ina sauraron Kaka.

"Na goge, Ummul. Na maida zauren yadda shike, har da tabarmin ƙohwa. Ban yi don in kunyata ki ba, Allah ya sani. Na hita guruf don kar in sake yi miki ɓarna. Na gaya ma Baffa a dakata da zuwa Juma'a, tunda abin ya kai ki hwaɗi haka."

Na kira shi, wayar a kashe. Na sake kira, a kashe. Na leƙa guruf, ga shi nan an rubuta Dikko ya fita, a ƙarƙashinsa kuma Lauwali har ya yi sallama da alamar dariya.

"Bisa doka ta biyu, wadda shugaba ta rubuta da hannunta, Tambuwal ta dawo hannun Sanyinna. Kowa ya kwantar da hankalinsa, gobe zan turo sabon tsari. Unguwar tsamiyar nan ta dace da tashar manyan motoci."

Na zauna riƙe da waya, na rasa wanda zan fara jin haushi, Lauwali ko Dikko ko ni da dokokina. Abin da na kwana biyu ina roƙo an ba ni shi cif, a daidai lokacin da ba na so. Gobe bayan la'asar Baba zai shimfiɗa buzu ya zauna jiran mutumin da ya riga ya sallami kansa.

Kaka ta taɓa gwiwata da hannunta mai ƙamshin gyaɗa, fuskarta a sake kamar ta yarinya.

"Shi na yar rubuto? Mi yac ce, ya bar mani kwanon nawa?"